Saƙon Mubashshir ta Bakin Baffa Yaji

Mubashshir ɗan fari ne, kuma a gidan Hammanjoda na Wuro Patuji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, har yaron ya yi gemu. Ba ƙiyayya ba ce fa, kunya ce irin ta Fulani: uba ba ya hira da ɗan fari, in da magana sai ta bi ta bakin wani. A gidan nan kuwa bakin shi ne Baffa Yaji, ƙanin Hammanjoda, mutum mai fara'a, amma ba ya son dogon zance.

Yaro ya tashi da son lissafi, har ya kai ga digiri na biyu a Yola, yana karanta nazarin harkokin kuɗi. Aikin dai shi ne a tara farashin shekarun baya a kwamfuta, a duba inda kasuwa ta saba nufa, a auna hatsarin da ke ciki. Shi a kan kasuwar shanu ta Mubi yake bincikensa, kuma da shanun gidansu ake ɗaukar nauyin karatun. Burinsa ɗaya ne, ranar da uban zai ce karatun nan ya yi rana.

Da rani ya yi tsanani, Baffa Yaji ya kira shi a waya.

"Babanka na tambaya. Bijiman nan, a kai su kasuwa yanzu ko a jira Layya?"

Mubashshir ya ji daɗi har ransa, don ba a taɓa tambayarsa ba. Ya ce farashi kan hau gab da Layya, amma bana man mota ya yi tsada, ba lallai fataken kudu su zo da tireloli ba.

"A sayar da rabi yanzu, Baffa, a bar rabi. Ba ni da tabbas."

"Ɗana, wannan zan kai wa Yaya? Ya tura ka har Yola don ka dawo masa da wataƙila?"

"Ai auna wataƙilar shi ne karatun, Baffa."

"To, na ji."

Baffa Yaji ya ga bai dace ɗan jami'a ya yi inda-inda a gaban uba ba. Don ya kare masa mutunci, sai ya je ya ce wa yayansa, "Yaron ya ce a jira Layya, za su hau."

Aka jira. Aka yi ta ɗura wa bijimai dusa da angurya. Layya ta matso, tireloli ba su zo da yawa ba, ga shanun Kamaru sun shigo ta Belel sun cika kasuwa. Da ƙyar aka rabu da bijiman, a wulaƙance.

Da Mubashshir ya zo Sallah, tun a bakin unguwa samari suka fara masa, "Malam mai kwamfuta, bana me ta hango?" A wurin mahaifiyarsa ya ji irin saƙon da aka isar. Abin ya tsaya masa a rai. In ya faɗi gaskiya, ya kunyata Baffa a gaban yayansa. In ya yi shiru, uban zai ɗauka karatun ne ya yaudare su.

Bayan la'asar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya je ya durƙusa a gefen tabarmar uban, Baffa Yaji na zaune yana ta jan carbi, ya ƙi ɗago kai.

"Baba," ya ce, "in an sake tambaya, ina roƙon ka ji daga bakina."

Hammanjoda ya kawar da fuska wajen turken da ya zama wayam. Can ya dubi ƙaninsa.

"Gaya wa yaron nan ya koma ya ƙarasa karatunsa. Amma zancen shanu, kada a sake tambayarsa."

Mubashshir ya koma Yola. Har yanzu duk ranar kasuwa yana shigar da farashin shanun Mubi a kwamfuta. In Baffa Yaji ya kira, gaisuwa ce kawai.