Kabarin Dalhatu a Dajin Bama

Safiyar ranar shayi muka sha da busasshen biskit, a wani fili da muka sassabe da adda cikin dajin ƙasar Bama, can gaba da Indiya. Lokacin yaƙin Japan ne. Dalhatu, maƙwabcina a Tudun Wadan Zariya, wanda muka shiga soja rana ɗaya, yana kwance da harsashi a cinya. Ina ta yi masa tsiya, wai zai riga ni cin tuwon gida.

Ƙarfe takwas ƙaramin jirgin saman da ke kwashe masu rauni ya sauka. Mutum ɗaya yake ɗauka bayan matuƙi. Ni da kaina na ɗaure Dalhatu a ciki. Jirgi ya tashi, bai gama wuce kan itatuwa ba muka ji bindiga mai ruwa daga tsauni. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Sai ƙarar karyewar gora.

"Kwanta! Kowa ya kwanta!" in ji Saje Bawa.

Ban kwanta ba. Na ruga, Saje ya biyo ni yana zagina. Harsashi na tsinke ganye bisa kanmu. Mun tarar da jirgin a kife, mai yana tsiyaya, hayaƙi ya fara tashi. Saje ya jawo matuƙin, wani Bature da ya karye a ƙafa. Ni na yanke igiyoyin da na ɗaura da hannuna, na saɓa Dalhatu a kafaɗa. Ba mu yi taku hamsin ba wuta ta kama.

Kafin azahar an ce mu bar filin, an kusa kewaye mu. Muka shiga daji muna gudu da marasa lafiya a kan gadajen gora. Kwana biyu ruwa na dukanmu. A rana ta uku, da hantsi, Dalhatu ya cika.

Minti goma aka ba ni. Na haƙa rami da adda, na yi masa salla tare da mutum biyu. Na dubi rana, na sa kansa kudu, na kwantar da shi a kan damansa yana kallon gabas, yadda na ga ana yi tun ina yaro. Muka rufe, muka wuce.

Sai da la'asar, da na tsaya salla na fuskanci yamma, na gane abin da na yi. A Bama alƙibla tana yamma. Na sani sarai. Limamin bataliya ya gaya mana tun a Indiya, wata da watanni haka nake salla. Amma a bakin kabari hannuna ya yi abin gida. Na kwantar da abokina ya ba wa alƙibla baya.

Na roƙi Saje in koma in gyara.

"Ka haukace? Wuce gaba!"

Yau shekara goma da dawowata. A majalisa kullum sai a ce, Kofur, ba mu labarin jirgi. Jarumta suke son ji, ni kuwa haushi ke kama ni. Malamai uku na tambaya, duk sun ce ba ni da laifi, tunda ba da gangan ba ne. Na ji, amma raina bai kwanta ba. Na shiga wuta na fito da mutum, sai juya shi gefe ɗaya ne ya gagare ni.

Mahaifiyar Dalhatu, Inna Hajo, katanga ce kawai tsakaninmu. Ranar da na kai mata labari, ba ta tambayi jirgi ko wuta ba.

"Tanimu, an dai yi masa sutura yadda ya kamata?"

Na ce, "An yi, Inna."

Har yau duk Juma'a sai ta aiko mini da fura saboda wannan amsa, ni kuma ina sha.