Shekarar da Zumar Kakana Ta Fito Shuɗiya

Jiya a kasuwa wani mai talla ya miƙo mini kwalba ya ce, "Alhaji, zuma ce tsantsa." Na ɗaga ta a rana, na ga dafaffen sukari. Har yanzu raina a ɓace yake.

Na sha zumar Habasha, fara kamar man shanu, na sha ta Yaman, amma ban ga mai karanta launin zuma kamar kakana ba. Amyoyinsa na kan itatuwa a bayan unguwar Rikkos, lokacin wurin duwatsu ne da ramukan kuza. Ja mai duhu, ya ce ɗorawa ce. Mai haske, furen mangwaro. Duk mai tari ko ƙuna a unguwarmu ta Dilimi wurinsa ake aikowa, don an san ba ya algus.

Sai wata bazara saƙar zumarsa ta fito shuɗiya, kamar an tsoma ta a marina. Ya kai ta ƙofar masallaci don dattawa su gani. Wani tela, abokinsa na shekara da shekaru, ya ƙyalƙyale da dariya. "Malam, ashe ka koma rini? Ba ni tulu ɗaya in rina rawanina!" Kafin la'asar magana ta zaga unguwa: tsoho na zuba wa zuma shuni.

Washegari ya barbaɗa wa ƙudan zuman toka a bakin amya don ya riƙa hango su, muka bi su a ƙafa har bayan wani kamfanin alewa. Ga ruwan sukari mai launi an malalar a rami, ƙudan sun rufe shi baƙi ƙirin. Ya roƙi maigadi a rufe ramin.

"Baba, oga ba ya nan. Ka je ka ɗaure ƙudanka."

Kawuna ya ce a sayar da shuɗiyar zumar da sunan ta magani ce, za a yi rububi. Kakana ya dube shi. "In ba jinjiri wannan?" Ya haƙa rami ya binne ta duka.

Ku ji abin da ke ci mini rai: cikin masu dariyar nan babu wanda ya taka ya ga ramin alewar. Aiken neman zuma ya tsaya cak. Damina ba ta ƙare ba ya sauke amyoyinsa, bai sake ɗora ko ɗaya ba har ya rasu.

Yau gidaje ne a inda yake ɗora amyoyin, an sare ɗorawar. Zumar kasuwa launinta ɗaya, kuma ba mai tambayar abin da ƙudan suka ci.