Ranar da na goge ɗigon Farfesa

Ko da zan manta da komai na zamana a Kuala Lumpur, ba na jin zan manta da ranar da na ɗauki tsumma da niyyar alheri na goge aikin wata huɗu na wani dattijo. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga ɗigon baƙi a jikin farin abu sai na tuna da ranar.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin adana kayan tarihi, ina zaune a unguwar Pantai Dalam tare da wani abokina ɗan Filato mai karatun injiniya. Aka raba mana batutuwan da za mu gabatar a aji, ni sai nawa ya faɗo a kan wani masassaƙin ƙasar Rasha wanda ya rayu shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce. Ni kuwa tarihi na karanta a gida, ban taɓa ganin yadda ake sassaƙa dutse ba. Na dai duƙufa a laburare. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, shi ne tun yana ƙarami aka kai shi makarantar zane a St. Petersburg, ya yi fice aka tura shi birnin Rum ya koyi salon mutanen da, ya dawo ya shahara wajen sassaƙa mutum-mutumin da ake kafawa a kan kaburburan manya, ya tsufa yana koyarwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutum zai sa dutse ya yi laushi kamar mayafi. Littattafan da na samu ba su faɗa ba.

Malamin da ya ba ni batun wani dattijo ne mutumin Kuala Lumpur ɗin, kowa Farfesa yake ce masa. Yana da ɗakin aiki a bayan sashenmu. A samartakarsa ya je Rasha, ya auno ɗaya daga cikin ayyukan mutumin nan, wata mace mai lulluɓi ta sunkuyar da kai tana makoki, ya yi kwafinta da filasta, irin farin garin nan da ake yin silin da shi. Burinsa ya sassaƙa ta a dutsen mabul, farin dutsen nan mai sheƙi, kafin ya yi ritaya, ga shi idonsa ya fara rauni.

Tun ranar da na fara shiga ɗakin na lura da wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe a jikinta, a fuska, a kafaɗa, a ninkin mayafi. Na so in tambaya. Sai na ce wa kaina ɗalibin digiri na biyu ne ni, kada a ce ɗan Najeriyar nan bai san komai ba. Na haɗiye tambayar, wata biyu ina haɗiye ta.

Ana nan tafiyar mako guda ta kama Farfesa. Ya ba ni makulli ya ce in riƙa buɗe tagogi saboda danshi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san danshinsa. Ka ajiye takalmi kwana goma, ka dawo ka tarar fumfuna ta yi masa ado. A makon ma sai da ta ci mini jakar fata. Ranar Asabar da hantsi na tsaya gaban matar nan, sai abin ya faɗo mini: ai fumfuna ce! Dattijo ido ya yi rauni, bai gani ba. Har wani daɗi na ji, na ce yau zan yi abin da za a yaba mini.

Na jiƙa tsumma na fara daga goshi, a hankali, kamar mai wanke jariri. Na gama fuska, na gama kafaɗar dama. A tsakiyar kanta akwai kan wata 'yar ƙusa, da wasu biyu a ƙasa. Na ɗauko filaya zan cire su don kada su yi tsatsa, sai zuciyata ta ƙi, na ajiye.

Wajen azahar abokina ya biyo mini mu je cin abinci. Ya zagaya bayan mutum-mutumin, ya duƙa, ya daɗe.

"Malam, zo nan," in ji shi. "Me ka ce sunan abin nan?"

"Fumfuna mana."

"To ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin fumfunar da ta iya rubuta lamba ba."

Na duƙa. Kusa da kowane ɗigo akwai lamba ƙarama da fensir. Ya yaye buhun da aka rufe wani abu da shi a gefe, sai ga dutsen mabul an fara sassaƙa shi, jikinsa duk ƙananan ramuka, kowane rami daidai da ɗigo ɗaya. Sai a nan na gane ba fumfuna na goge ba, alamomin awo ne.

"Ka kawo fensir mu mayar," na ce.

"Mu mayar ina? Ka san inda suke? Oga, kada ka ƙara wa Borno dawaki. Ka jira mai abu."

A kwana huɗun da suka rage na rubuta wasiƙar ban haƙuri sau uku ina yagawa. Da Farfesa ya dawo, a bakin ƙofa na tare shi na faɗa masa komai. Ya shiga, ya sa tabarau, ya shafa fuskar matar da yatsa. Daga nan ya kai hannu tsakiyar kanta.

"Ƙusoshin nan uku, ka taɓa su?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na so in cire, sai na ji tsoro."

Ya sauke numfashi. "To yau tsoronka ya yi rana. Daga su ake auna komai. Da ka cire su, da dutsen nan ya zama turmi." Ya juyo ya dube ni. "Tun yaushe kake ganin ɗigon?"

"Wata biyu."

"Wata biyu, ina zaune a nan, bakinka yana jikinka, ba ka tambaya ba?"

Wannan ta fi mini zafi a kan zagi. Ya ce wata huɗu ya yi yana sa su, kuma idonsa ba zai iya maimaitawa ba. "Amma kai kana da ido. Gobe ƙarfe takwas."

Haka na yi mako shida ina zuwa. Ya nuna mini wani ƙarfe mai hannuwa da allura a baki. A kafa shi a kan ƙusoshin uku, a saita allurar a wuri ɗaya a jikin filasta, a ɗiga fensir, a ɗauke shi a kai kan dutse, a huda har zurfin ya yi daidai. Yana zaune yana shafawa da yatsa yana cewa nan, ni ina ɗigawa ina rubuta lamba. A nan na samu amsar da laburare bai ba ni ba. Ya ce haka masassaƙin Rasha da tsararrakinsa suke aiki: maigida ya gina da yumɓu, a zuba filasta, masu taimaka masa su yi ta awo suna rage dutse, shi kuma ya zo ya ƙarasa da hannunsa. Ashe laushin mayafin nan da ke ba ni mamaki, ɗigo ɗaiɗai ne aka tara da haƙuri.

Ya gama matar kafin ya ajiye aiki. Akwai wani wuri a kumatunta na dama, cikin wuraren da na sake ɗigawa, da ya ɗan faɗa kaɗan, wataƙila ba wanda zai lura. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin ya ce, "Ga sa hannunka nan."

Yanzu ni ma ina kula da kayan tarihi, ina da ɗalibai. Ba zan ce na rabu da tsoro ba, hali zanen dutse ne. Amma na koyi cewa kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ɓarnar rashin tambaya kuwa tana iya cin aikin wani na watanni. Duk wanda na ba makullin ɗakin ajiya, abu ɗaya nake roƙonsa: in ya ga abin da ya yi masa kama da datti, ya fara zuwa ya tambaye ni kafin ya jiƙa tsumma.