Ranar da Kwamfuta Ta Ce Ladan Yana da Motsi

Nu'uman ya fara neman abinci ne da gidan kallo a Daura. Da Shari'a ta zo sai ya naɗe labulensa, ya koma gyaran waya da tura wa'azi a wani ɗan shago kusa da tasha. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Abin da yake ba mu haushi da shi, mu masu zaman benci a ƙofar shagon, shi ne ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wai na ragwaye ne. Shi sai ya buɗe wani baƙin allo, ya yi ta jera masa fararen haruffa kamar mai rubutun sha, ya danna, ya harɗe hannu yana jiran yabo. Ba mu taɓa yabawa ba, don ba mu san abin da ya yi ba.

Wata shekara bayan kaka, Alhaji Jafaru, mai saro gyaɗa daga Zango, ya ga buhunansa suna ramewa a sito. Ya kafa kyamara tana kallon ƙofar, ta yi ta ɗauka kullum daga safe zuwa la'asar. Da ya zauna kallo barci ya kwashe shi, don ba komai a ciki sai ƙofa da bango. Ya kwaso ya kawo wa Nu'uman.

Nu'uman ya ce abin da sauƙi. Wai bidiyo hotuna ne a jere, shi kuma akwai umarnin da zai rubuta, kwamfuta ta riƙa gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi. In iri ɗaya ne ta zubar, in akwai bambanci ta ajiye, ta zana jan akwati a daidai inda abu ya motsa. Rariya ce dai kawai. Da farko ya sa lambar ma'aunin bambancin ƙasa sosai, ta kamo masa har inuwar darbejiya da ƙudan da ya sauka a kan kyamara. Ya ƙara lambar, ya sake dannawa. Abin da ya rage shi ne wata akuya, da ƙadangare, da Baba Sada, ladanin masallacin unguwarmu. Kullum kafin azahar tsohon yakan tsaya a inuwar siton shi kaɗai, ya yi gyaran murya, ya kai hannu kunne, yana gwada kiran salla ƙasa-ƙasa. Gyaɗar kuwa, daga baya aka gane ɓeraye ne suke shiga ta baya.

Ana cikin kallon ne Hasana mai abinci ta zo karɓar kwano, ta tambayi abin da aka gano. Nu'uman ko kai bai ɗaga ba ya ce, “A mutane dai, Baba Sada kaɗai ta nuna yana da motsi.”

Shi motsin jiki yake nufi. Hasana kuwa ta ji shi yadda kowa a garin nan zai ji, wato kan tsohon ya ɗan taɓu. Kafin magariba maganar ta zagaye unguwa, kuma tunda na'ura ce ta faɗa, ba wanda ya yi musu. Nan da nan kowa ya tuna da wata alama. Wani ya ce ya taɓa ganin sa yana magana da bango, wata ta ce ai tun rasuwar matarsa ta lura da shi. Dattawan masallaci suka fara shawarar karɓe lasifika su ba wani, tunda kiran sallar mai taɓin hankali bai inganta ba. Mutumin da yake kiran nan tun kafin a san lasifika a unguwar! Gaskiya raina ya ɓaci, duk da ni ma na yi dariya a ranar farko.

Nu'uman ya garzaya wurin liman don ya gyara, sai ya ƙara ɓatawa, don rantsuwa ya yi ta yi cewa motsin na gaske ne, da idonsa ya ga jan akwatin. Da ya ga bakinsa ba zai fitar da shi ba, sai ya roƙi alfarma. Ranar da dattawan suka zauna a ƙofar masallaci don yanke magana, ya kafa waya ya ɗauke su na ɗan lokaci, ya zuba a kwamfuta, ya rubuta umarninsa, ya juyo musu da allon.

Jan akwati ya faɗa a kan yatsun liman da carbinsa. Wani akwatin ya kama muƙamuƙin Alhaji Jafaru yana taunar goro. Na'ibi ma bai tsira ba, ƙafarsa ce take karkaɗawa. Wurin ya kaure da dariya, kowa yana nuna ɗan'uwansa yana cewa ashe kai ma kana da shi.

Sai muka lura akwai wuri ɗaya a hoton da akwati bai je ba. Baba Sada ne a gefen tabarma, kansa a sunkuye, hannuwansa a kan gwiwa. Tun da aka zauna ko yatsa bai ɗaga ba. Dariyar ta mutu da kanta.

Liman ya yi gyaran murya, ya ce Malam Sada ya yi haƙuri, na'ura ce ta ruɗa mutane. Nu'uman ma ya durƙusa yana cewa a yafe masa, laifin bakinsa ne. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya miƙe, don lokacin azahar ya yi. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, sannan ya juyo ya dube mu.

“Allah gafarta malam, ni ban ji haushin na'ura ba,” in ji shi. “Ita ai ba ta san ni ba.”