Kusurwar da Na Ce Akwai Maciji

Jiya da hantsi maƙwabcinmu ya tara ɗanyar ciyawa a bayan katanga ya cinna mata wuta. Hayaƙin ya tsallako cikin gida, fari, mai nauyi, mai warin ganyen da bai gama rayuwa ba. Ina tsakiyar biya wa mata karatu sai na ji harshena ya tsaya. Kai mai karanta wannan, wataƙila a wurinka hayaƙi hayaƙi ne kawai. Ni kuwa duk lokacin da na shaƙi irinsa sai na koma 'yar shekara goma, da yunwa a cikina, bororon tafin hannuna yana zubar da ruwa.

Gidanmu yana kusa da Ƙofar Marke, gidan karatu ne tun kakanni. Shekarar da Nasara suka shigo gari, mahaifina ya bi masu hijira zuwa gabas. Ya ce zai aiko a ɗauke mu idan ya sami wurin zama. Ya bar mana littattafai cike da gafaka, ya bar Inna da ciki. Bayan tafiyarsa bayin da ke noma mana gandu da lambu suka watse ɗaya bayan ɗaya, don an ce yanzu ba mai riƙe kowa. Damina ta zo ta wuce ba wanda ya jefa ƙwaya a gonarmu. Da kaka ta yi, muna jin luguden sabon gero daga gidajen mutane, mu kuwa an share rumbunmu har ƙasa. Tasoshin Inna da zannuwanta sun riga sun tafi kasuwa sun dawo a matsayin hatsi, hatsin kuma ya ƙare. Saura dusa.

A cikin wannan hali aka haifi ƙanwata. Da farko kukanta yana cika gida. Sannu a hankali nonon Inna ya fara ɗaukewa, kukan ya sirance, ya koma kamar na ɗan kyanwa a bayan ɗaki. Na fi tsoron lokacin da ta yi shiru. Sai in je in sa yatsa a ƙarƙashin hancinta.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ce babba a gidan. Matan unguwa suna kiranta Modibbo saboda iliminta. Ta shekara fiye da talatin ba ta taka wajen ganuwa ba, karatu kuma ya cinye mata rabin gani. Wata safiya ta fito daga zaure da wani ɗan gora a hannu. Ta zazzage shi a faifai, sai ga iri ƙulli-ƙulli a tsumma: albasa, kuɓewa, gauta, alayyafo. Ta ce lambunmu na fadama yana nan, ƙasa kuma ba ta hijira. Inna ba ta iya tsayuwa sosai, saboda haka ni da Kaka za mu je.

Muka ɗauki hauya guda da lauje mai tsatsa muka bi hanyar ƙauyen Kwalkwalawa. Na taɓa zuwa lambun sau ɗaya a kafaɗar babana. Na tuna fangalin shuka a jere, ruwa yana bin kwararo, da ƙarar jigo, sandar nan mai ɗaga guga daga rijiya. Abin da muka tarar daji ne. Ciyawa ta fi ni tsawo, jigon ya karye ya faɗa ciki, ba ka gane inda shinge ya tsaya. Kaka ta daɗe tana kallo da idanunta masu hazo. Sannan ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce, “Allo ba a rubutu bisa nai sai an wanke shi tas. Mu wanke.”

Haka muka ɗauki aikin, kamar wankin allo. Duk abin da yake kore abokin gaba ne. Ni ina yanka da lauje, ita tana sara da hauya, tana sara tana salati, rabin saran yana faɗawa a iska. Ƙarangiya ta cika mana zane, tsidau ya shiga ƙafafuna, tofa ta tsattsaga min yatsu. Kafin azahar hannun da bai san komai ba sai alƙalami ya yi bororo, kafin la'asar bororon ya fashe. Da yamma mu tara abin da muka yanke mu nemi wuta wajen masu lambun gaba. Ba ya son cin wuta don ɗanye ne, sai mu durƙusa muna hurawa, hayaƙi yana shiga mana ido. Masu lambun suna leƙowa ta shinge, su gaishe da Modibbo cikin ladabi, su koma aikinsu. Yanzu na san kunyarta ce ta hana su magana.

Kwana shida muna haka da kunun dusa a ciki. Rana ta huɗu Kaka ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta ce sujada ta yi niyya, amma na ga yadda leɓenta ya yi fari. Kullum muka dawo gida, tun daga zaure nake kasa kunne. Rana ta biyar ban ji komai ba. Na shiga da gudu, na tarar da Inna tana ɗiga wa jaririyar ruwa da yatsa, maɗigar kanta ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa.

A nan ne zan faɗa maka laifina. Akwai wata kusurwa kusa da rijiya inda ƙasa ke da danshi. Wasu tsirrai a wurin sun yi fure rawaya, ƙanana, kuma kowace safiya malam-buɗe-littafi suna taruwa a kansu, suna buɗe fiffike suna rufewa. Tun ina ƙarama idan na gan su nakan ce su buɗe mini littafi, babana yana dariya. A wannan lambu kuwa sai na ga kamar zaurensa ne ya dawo, ɗalibai sun zauna kowa da shafinsa. Na ɗaga lauje sau biyu na kasa. Da Kaka ta ce in shiga wurin, sai na ji bakina ya ce, “Akwai maciji. Na gan shi, baƙi.” Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ta ja ni baya, ta ce a bar wurin sai ƙarshe.

Rana ta bakwai lambun ya zama fili, baƙi da toka, sai wannan kusurwa kaɗai. Muna tsaye muna tunanin yadda ake fara shuka, sai ga wata tsohuwa ta shigo ta inda shinge ya faɗi, da kwando a kai. Na gane ta. Baiwar gidanmu ce a da, ita ce ke kula da lambun nan tun kafin a haife ni, ta koma Kwalkwalawa da zama bayan watsewar mutane. Ta sauke kwandon. Ba ta durƙusa ba. Ta bi tarin toka da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tona guda da ƙafa, ta ɗauko wani kara da bai gama ƙonewa ba ta shinshina.

“Modibbo, mi kunka yi nan?”

“Ciyawa munka share,” in ji Kaka. “Za mu shuka.”

“In kun shuka yau, yaushe za ku ci? Albasa sai ta yi wata huɗu. Alayyafo ma sai ya ga sabon wata. Kahin nan mi za ku sa baki?” Ta ɗaga karan. “Wanga rama ce. Wancan tulin lalo ne da rukuɓu. Ni na bar su su zub da ɗiya da hannuna, shekara da shekaru. Albasa taku ta, can gida aka kai ta. Wanga shi muka ci, mu da munka noma ta.”

Duk waɗannan ganyaye na ci su tun ina rarrafe, amma a akushi na san su, ban san su a tsaye ba. Kwana shida muna ƙone abinci da yunwa a cikinmu. Kaka ta zauna a kan toka, wadda ko a tabarma ba ta zama sai an kakkaɓe, ta faɗa wa tsohuwar halin da Inna da jaririya suke ciki.

Tsohuwar ta juya ta nufi kusurwar rijiya. Kaka ta ce, “Kak ki shiga, da maciji. Yarinya ta gan shi.”

Tsohuwar ta tsaya ta dube ni. Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Ta dubi furannin, ta sake dubana.

“Ɗiyar malam, macijin naki fiffike gare shi?”

Na fashe da kuka. Ita kuwa ta kutsa ciki, tana tsinka tana kiran suna. Mai furen rawaya tafasa ce. Ga lalo, ga rukuɓu, ga rama, ga yaɗiya ta nannaɗe shinge. Ta kama hannuna mai ciwo ta nuna mini yadda ake tsinke kai a bar tushe don ya sake toho. Kwandon da ta zo cikawa don kanta, ta cika shi ta ɗora mini a kai. Daga bakin zanenta ta kwance ƙuli-ƙuli ta jefa a sama. Ta ce a dafa, a tsiyaye ruwan farko, a kwaɗa, mai jego ta ci har ta gaji.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaka ta ɗauki ganye ɗaya ta kai kusa da idonta, ta ce, “Sake hwaɗa min sunan wanga.” Ta maimaita shi sau uku, yadda take sa ɗalibanta su yi.

Muka kama hanyar gida ni da Kaka har muka hango ganuwa. Ta ce, “Ƙarya haramun ce. Ki nemi gahwara.” Muka yi 'yan taku. Ta ce, “Ni ma in nemi tawa. Ta hi taki yawa.”

Nonon bai dawo a ranar ba, bai dawo washegari ba. Inna tana ci tana hawaye, ni ina zaune ina kallon ƙirjin jaririyar yana ɗagawa da ƙyar. A rana ta huɗu da asuba kuka ya tashe ni, mai ƙarfi, mai fushi, irin na wanda aka cire wa nono daga baki don a juya shi ɗaya gefen. Wannan 'yar kusurwa ita ta riƙe mu har alayyafo ya tashi. Tsohuwar ta ci gaba da zuwa lambu tana koya mana jan fangali da gyaran jigo, amma ba ta sake taka zauren gidanmu ba, Kaka kuma ba ta taɓa neman ta taka ba.

Babana bai aiko ba har yau. Kaka ta rasu, tsohuwar ma ta rasu. Fadama ta canja, masu lambu suna shuka ganyayen da Nasara da baƙin Sabon Gari ke so, suna share fangali ƙal, ba sa barin ko tsinke. Lambunmu yana nan, ni da ƙanwata muke duba shi, kuma duk shekara nakan hana a taɓa kusurwar rijiya. Bara ƙanwar tawa ta tsaya da lauje a hannu, doguwa, mai ƙarfi, ta tambaye ni dalilin da ya sa nake barin wannan ciyawa tana ɓata wuri.

Na ce mata akwai maciji.