Kalmar da Na Baro a Ofishin Likita

Shekarun baya, da ƙafafun yayana suka fara kumbura, ni aka ɗora wa kai shi asibiti a Kano, saboda ni ne ɗan bokon gidanmu. Malamin firamare ne kawai ni, amma a ƙauyenmu ko takardar maganin ƙwari aka samu sai an kawo mini na karanta. Shi kuwa manomi ne, da damina gero da dawa, da rani ya tafi Watari noman tumatir. Ban taɓa jin ya ce wash ba.

Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon ƙoda ne, duka biyun, kuma sun daɗe suna lalacewa a hankali. Sai na yi tambayar da mahaifiyata ta aiko ni da ita, wato ko gado ne, don jikokinta take ji wa tsoro. Likitar ta tambaye ni ko an haife shi ƙarami. Na ce haka muke ji, a shekarar fari aka haife shi. Ta yi mini bayani cewa ƙwayoyin halittar da mutum ya gada suna nan yadda suke, amma akwai abubuwan da ke kunna wasu su kashe wasu, kamar makunnin fitila. Yunwar da uwa ta sha da ciki tana iya barin irin wannan alama, haka ma hawan jini da ciwon suga. Ta ƙara da cewa, "Mai yiwuwa ne kawai, Malam. Har yanzu bincike ake yi. Ba wanda zai ce maka ga dalili ɗaya."

Na dawo gida ina jin kaina rabin likita. Na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, ko takalmi ban cire ba na fara zuba.

"Inna, ki kwantar da hankalinki, ba gado ba ne. Yunwar da kika sha da cikinsa ce ta taɓa ƙodar."

Ta tsayar da rariyar. Ta ce, "Ashe haka ne." Ni kuma na wuce ɗaki, wai na kawo albishir. Wancan "mai yiwuwa" na baro shi a ofishin likita.

Yayana ɗan fari ne. Tun da na taso ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko ta zauna kusa da shi. Amma daga ranar nan kunya ta ƙare. Ta fara girka masa abinci da kanta, ta yanka zabinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi farfesu da gishiri da daddawa, ta kai masa har shimfiɗa. Duk abin da likita ta hana shi ke nan. Na yi mata bayani har na gaji. Sai ta ce, "Ka bar shi ya ci. Bai ci ba a lokacin da ya kamata."

Wata rana da hantsi ya kira ni, fuskarsa duk a kumbure. "Kai, me ka gaya wa Inna?" Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ma ya yi. Ya turo mini kwanon farfesun ya ce, "Saki labule. Cinye ka mayar mata, ka ce na ce ya yi daɗi."

Haka muka yi wata da watanni. Shi yana ramewa tsakanin gida da wankin ƙoda, ni ina yin kumatu, har abokan aikina suna zolayata wai an ƙara mini albashi. Ban taɓa cin abinci mai ɗaci kamar wannan farfesu ba.

Ya rasu bayan kaka, Allah ya jiƙansa. Sai da aka yi arba'in na samu ƙarfin halin zama gabanta. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Likitar ba ta ce tabbas ba ne. Cewa ta yi mai yiwuwa, ni ne na ƙara gishiri."

Ta ce, "Na ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ita likitar ba ta nan a shekarar. Ni na san abin da na ci. Tafasa ce da dusa."

Yanzu ita ma ta bi shi. Na yi ta karance-karance a kan ciwon, ko'ina magana ɗaya ce, ba wanda ya ɗora laifi a kan uwar da ba ta samu abinci ba. Ni ne na ɗora mata, da bakina, ina murmushi. Har yau in aka kawo mini takardar asibiti na karanta wa wani, nakan karanta sau biyu, in fara duba wanda ke zaune yana sauraro kafin in buɗe baki. Ita kam da maganata ta tafi.