Dulab a Bangon Alƙibla

Shekara talatin da 'yan kai kayan jeren Hajiya suna kwance a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadonmu. Hajiya matata ce. Na san a Makka ko kyanwa ka kira da wannan suna sai ta waiwayo, amma tawa nake nufi. Mun zo aikin Hajji da niyyar wata biyu, har yau wata biyun ba su cika ba. Da tsohuwarta ta ga haka, sai ta riƙa aiko mata da kayan ɗakinta ɗaya-ɗaya ta hannun alhazan garinmu: bana tasa, baɗi samira. Na ƙarshe da ya iso kafin Allah ya yi mata rasuwa shi ne wata ƙatuwar kwalla mai jan fure, wadda za a iya yi wa ɗan shekara biyu wanka a ciki.

Duk lokacin da Hajiya ta ce tana son dulab, wato kabad, amsata ɗaya ce.

"Hajiya, baƙo ba ya kafa rumbu. Bayan Hajjin bana za mu tafi."

Ba wai rowa ba ce zalla. Wanda ba shi da igama, wato takardar izinin zama, barcinsa da takalmi kusa yake yi, kuma ban taɓa ganin wanda aka kora da kabad a ka ba.

'Yarmu ta fari ce ta kashe mini wannan hujja. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, Hausarta rabi Larabci ce. Ta zo gidanmu na unguwar Kudai wata Juma'a, ta tura mini waya a hanci.

"Shuf, ya Baba. Wannan a kwali yake zuwa, gunduwa-gunduwa. Kai za ka haɗa. Ranar tafiya ka kwance shi, kalas."

Na duba Hajiya, ita kuma ta duba silin kamar ba da ita aka ƙulla ba. Na ce to, amma ni zan yi awo, domin ni ne mai ilimi a gidan. Aji huɗu na yi a firamare, kuma na shekara ashirin ina shimfiɗa wa alhazai katifa a tantunan Mina. Mutumin da ya kwantar da Sakkwatawa arba'in a wurin talatin ba a koya masa awo.

Ɗakin namu bango huɗu gare shi kamar na kowa. Ɗaya ƙofa ta cinye, ɗaya taga da na'urar sanyi, ɗaya gado. Na huɗun, wanda yake fuskantar gadon, shi kaɗai ne fili, kuma shi ne alƙibla. Na auna shi da sallayata, 'yar ta auna sallayar da tef ɗin ɗinki, ta mayar da lissafin santi-santi. Bangon zai ci layi uku, kowane layi gida biyu, na ƙasa da na sama. Gida shida ke nan. Wajen launi, na yarda da fari, na ƙi baƙi. Ƙofofin sama na gilashi, don a ga jere. Har nan babu wanda ya fi ni gaskiya.

Sai aka zo maganar zurfi. Akwai siriri, akwai mai ciki. Hajiya ta jawo kwalla aka gwada bakinta, aka ga sai mai ciki ne zai ɗauke ta.

"Baba, layi ɗaya mai ciki ya isa," in ji 'yar. "Sauran biyun a yi sirara."

"Bango da tumbi gefe ɗaya? A zo a ce kuɗinmu ne suka ƙare a hanya? Mai ciki duka!"

"Amma ɗakin..."

"Ke, na kwantar da Sakkwatawa arba'in."

Ta ce, "Tayyib," ta danna wayar ta yi oda.

Kwalaye suka iso, da takarda wadda babu harafi ko ɗaya a cikinta, sai zanen wani ɗan mutum marar wuya yana murmushi. Na ce lalle wanda ya rubuta wannan ya san da irinmu. Kwana biyu ina fama da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ake murɗa kusoshin da shi. Na kafa ƙofa ɗaya a kife, na kwance, na sake. Da na gama sai ga dogayen kusoshi takwas sun yi saura. Na shaida wa Hajiya cewa gyara ce, kamar ta mai awon gero, na zuba su a gwangwanin shayi.

Ranar ba a yi girki da wuri ba. Hajiya ta buɗe akwati, ta wanke kayan nan ɗaya bayan ɗaya, ta jera, ta ja baya ta duba, ta sauke, ta sake jerawa. Tana yi tana faɗin sunan alhajin da ya kawo kowanne, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Har wani ɗan amo na ji yana fita daga hancinta, wanda rabona da jinsa tun muna amarci.

Washegari na shimfiɗa sallaya zan yi walaha a inda na saba. Na yi kabbara lafiya. Da na yi ruku'u sai hulata ta goga ƙofa. Na matsa baya, gado ya tare mini dunduniya. Na ce Allah na nan, na tafi sujada.

Ƙwam!

Tasoshi da samiru suka amsa gaba ɗaya, kamar sahu ya ce amin.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, faɗi ka auna, ka manta tsawonka?"

"Ban manta ba. Ɗakin ne ya motse."

"Mutane suna sayar da gona su zo su sa goshi a Harami. Kai ga bas nan a bakin titi."

"Gwiwar tawa fa? Kullum sau nawa zan hau bas?"

Ta karɓi sallayar ta gwada. Da yake Allah bai ba ta tsawo ba, ta shige cif, har da sauran ɗan yatsa biyu. Wannan ya ƙara ƙona mini rai. Na gyara murya, na ɗaure fuska irin ta masu fatawa, na ce kayan da suka hana maigida sujada ba su da wurin zama, a kira yarinyar nan a mayar musu da abinsu.

Rabin maganar wasa ce, Allah ya sani. Amma dariyar Hajiya ta ɗauke. Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfe, ta sauko da kwallar, ta fara naɗe ta a tsohon zanen da aka aiko ta a ciki.

"Dama baƙo ba ya kafa rumbu, ko Malam?"

Ciwon goshina sai ya koma ƙirji. Na ce ta ajiye, ta ba ni zuwa la'asar.

A Mina na koyi abu ɗaya: in tanti ya cika, ba alhaji ake fitarwa ba, kaya ake matsarwa. Na zauna gaban dulab ɗin, na jawo takardar ɗan marar wuya, na buɗe shafin ƙarshe da na tsallake. Ashe kusoshin nan takwas ba gyara ba ce, na ɗaure gida da maƙwabcinsa ne. Na ɗaure gidan sama na tsakiya da na dama da na hagu, na ƙara wa bango nasa, sannan na zare gidan ƙasa na tsakiya a hankali. Na sama ya tsaya cak. A ƙarƙashinsa ga wani lungu, faɗin kafaɗata daidai.

Na shimfiɗa sallaya, na gwada. Kaina ya shige lungun, goshi ya sauka ƙasa lafiya, ba tasar da ta yi tari.

"Ka ga limami da mihirabinsa," in ji Hajiya.

Gidan da na zare yana gefen gado yanzu, da maganin gwiwa da rediyona a ciki. Kwallar kuwa Hajiya ta ɗora ta a gidan sama na tsakiya, daidai saitin ƙeyata. Ta ce don in riƙa natsuwa a salla, kuma in riƙa tuna wanda ya ɗaure kusoshin.

Akwatin ƙarfen ya yi wata biyu babu komai a cikinsa, muna tuntuɓe da shi. Da aka sauko daga Hajjin bara, jakar wata alhajiya 'yar garinmu ta fashe saboda tsaraba. Hajiya ta dube ni, ni kuma na duba silin. Ta ba ta akwatin. Na ɗaukar mata shi da kaina har tashar bas, na ce in ya isa ya gaishe da mutanen gida.